Alhajin Giwa

Ranar da ɗan'uwanku Nasiru ya kawo sabuwar bas ɗinsa ƙofar gida don in sa mata albarka, na zagaya ta da sandata kamar wanda ya san mota. Na duba tayoyi, na leƙa kujeru, sai da na zo baya na ga abin da mai fenti ya rubuta da ja: JIKAN ALHAJIN GIWA. Har da hoton giwa a gefe, wadda in ba don hauren ba da na ce tunkiya ce ciki ya kumbura mata. Na yi addu'a, na shafa, na koma ɗaki. Nasiru ya ɗauka zanen ne bai yi mini ba. Na san labarin da kuka tashi da shi, cewa kakanku ya tare garken giwaye shi kaɗai a hanyar Makka ya kore su da sanda, shi ya sa mutane suka ba shi wannan suna don girmamawa. Na taɓa ji ana ba da shi a wurin wani suna a Kudan, inda mai labarin ya kai Baba har ga kama giwa ta haure yana murɗawa. Labarin kullum ƙara ƙiba yake, waɗanda suka gani da ido kuwa ƙarewa suke. Mu huɗu muka yi tafiyar nan: Baba, da Inna, da mahaifiyarku Rabi, da ni. Yau ni kaɗai na rage, don haka bari in faɗa muku yadda aka yi.

Damina ta biyu ce bayan samun mulkin kai. Ina koyarwa a wata firamare a Makarfi, aurenmu da mahaifiyarku bai cika shekara ba. Darasin da na fi ji da shi labarin ƙasa ne, ina da taswirar Afirka a jikin bango wadda nakan auna wa yara nisan Zariya zuwa Bahar Maliya da taƙi biyu na hannuna. Baba kuwa, Malam Tanimu, manomi ne a Likoro, kuma in ana zancen dawa kaura a ƙasar Kudan sai an ambace shi. Irin da yake shukawa na ubansa ne, shi ma na nasa uban. Kowace kaka da kansa yake bin gona yana zaɓen zangarniyar iri kafin a sa lauje, ya ɗaure ta daban, ya rataye a ƙololuwar rumbu inda ko Inna ba ta taɓawa. Bayan Babbar Sallah ta shekarar, da ya ji an fara dawowa daga aikin hajji, sai ya kira ni Likoro ya ce shi da Inna za su tashi, don su riski na baɗi. Ni ɗan fari ne, bai taɓa kama sunana ba. Tun da na fara aiki ya samu mafita, ya koma kirana Ticha, kuma yakan ja kalmar yadda ba za ka san yabo ne ko tsiya ba. Na ce masa ai yanzu akwai jirgin sama a Kano.

“Jirgi na masu sauri ne, Ticha. Ni wa ke kora ta? Mutum a ɗauke shi kamar dami, a sauke shi kamar dami, in ya dawo ya ce ya ga me?”

Gaskiyar magana, ko da ya so jirgin, rumbunmu ba zai iya masa ba. Hanyar da ya sani ita ce ta mutanen da: a hau mota inda akwai mota, inda guzuri ya ƙare a tsaya a yi noman damina guda, a sayar, a yi gaba. Na duba tsofaffi biyu da ba su taɓa wuce Kano ba, na ga ba yadda za a yi in tsaya ina auna musu hanya da taƙi a jikin bango. Na ajiye alli. Rabi ta ce ƙafarta ƙafata.

Ku da kuka saba a kai mutum filin jirgi a ɗaga masa hannu ba za ku gane sallamar wancan zamani ba. Mai niyyar hajji ta ƙasa sallamar mutuwa yake yi. Baba ya bi Likoro gida gida yana neman gafara, har gidan mutumin da suka yi shekaru ba sa ga maciji a kan iyakar gona. Ya damƙa gonarsa a hannun ƙanensa. Inna ta ninke likkafaninsu biyu ta sa a ƙasan adaka, don a tsoma su a ruwan Zamzam a dawo da su. Shi kuma ya hau rumbu ya sauko da zangarniyar iri, ya naɗe ta a buzu. Daga ƙarshe muka je Gazara wurin surukina, Malam Yahuza, kakanku na wajen uwa. Ya bar mu muka gama gaisuwa tsaf, gida da gona da dabbobi, sannan ya yi magana, kuma ko kallona bai yi ba.

“Malam Tanimu, yarinyar nan ba ta taɓa wuce kasuwar Makarfi ba.”

“Na sani.”

“Ba a hannun yaron nan nake sa ta ba. Yaro ne, ga shi ɗan boko. A hannunka nake sa ta.”

“Na karɓa,” in ji Baba. “A zauren nan na ɗauka. In da rai, ni zan kawo ta zauren nan.”

Mun hau bayan babbar mota, a kan buhuna, muka bi ta Kano da Potiskum har Maiduguri, daga nan Gamboru. Ba zan cika ku da sunayen garuruwa ba, suna nan a taswira. Abin da taswira ba ta nuna ba shi ne fuskar Inna ranar da muke haye kogin Shari, dorina ta ɓullo kusa da jirgin ruwanmu ta yi hamma. Inna ta damƙe hannun Rabi, ta ƙare wa bakin kallo, ta ce wannan in ta zo biki sai dai a ba ta tukunyar. A Fallomi, garin da yanzu ake kira Njamena, motoci suna bin hannun da ba namu ba, 'yan sanda suna magana da Faransanci, Turancin da na yi shekaru ina gogewa bai saya mana ko ruwan sha ba. Da muka yi gabas sai ƙasa ta buɗe. Mun ga jiminu suna tsere da motarmu, mun ga barewa garke garke. Wata safiya direba ya rage gudu saboda raƙuman dawa uku da ke tsaye a bakin hanya suna cin ganyen ƙaya daga sama, suna dubanmu kamar mu ne abin kallon.

“Malam,” in ji Inna, “shi wannan da wane tsani ake ɗaura masa akala?”

Baba ya yi dariya har da tari. Mun sha haɗuwa da Larabawan Shuwa suna ƙaura, mata a bisa takarkarai cikin rumfuna na tabarmi masu ado, ƙore da tukwane suna reto a gefe. Inda muka yada zango kusa da su, Inna ta yi cinikin daddawa da man shanu ba tare da kalma ɗaya ta haɗa su ba, kuma ta rantse ita ta ci riba. Baba abin da ya burge shi gaisuwarsu ce, mai tsawo, ana yi ana maimaitawa hannu a ƙirji. Ya ce ga mutane nan da suka san darajar bakinsu.

Ruwa ya riske mu tun ba mu yi nisan da muka so ba. Ƙasar can baƙar laka ce, in ta sha ruwa ko jaki sai ya yi tunani kafin ya taka. Aka rufe hanya, direba ya sauke mu a wani ƙauye kusa da tafkin da ake kira Fitiri, ya ce sai damina ta wuce. Muna zaune a gindin wata bishiya da kayanmu, mutanen gari sun kewaye mu suna magana da harshen da ba mu ji, sai wani tsoho mai farin gemu ya ratso su.

“Sannunku da hanya. Mutanen ina ne?”

“Zazzau,” in ji Baba.

“Zazzau ina?”

“Likoro.”

Tsohon ya nemi wuri ya zauna a ƙasa. “Ni na Ikara ne,” ya ce. “Audu sunana. Nan Na'ikara suke ce mini.”

Ya shiga tambayar mutane, kuma duk wanda ya ambata, ko dai Baba bai san shi ba, ko ya rasu tun ba a haife ni ba. Baba ya tambaye shi ko ya sauke farali ne yana kan hanyar komawa.

“A'a, tafiya nake. Ina saurayi na baro gida, damina ta tsare ni a nan kamar yadda ta tsare ku. Baɗi dai in Allah ya so zan wuce.”

A gidansa muka sauka. Yana da 'ya'ya maza masu furfura a gemu, da jikoki cike da tsakar gida, kuma a cikinsu duka ba mai Hausar da ta wuce sannu.

Mutanen ƙauyen masunta ne kuma manoma. Suna shuka wani gero gajere a kan jigawa, mai saurin nuna, suna kama kifi da ƙananan jirage na ciyawa da aka ɗaure, su shanya shi a kan igiya har garin ya ɗauki wari. Washegarin saukarmu Baba ya fita duba ƙasa, muna biye da shi ni da Na'ikara. Jigawar duk an rabe ta, abin da ya saura ba zai ciyar da mutum huɗu ba, balle ya kai su Sudan. Amma a gefen gari akwai wani fili mai faɗi, baƙi wuluk, ya miƙe daga daji har bakin tafki, ba kunya ko ɗaya a cikinsa. Baba ya durƙusa ya ɗebi ƙasar, ya murza, ya shinshina. Na san wannan kallon. Haka yake kallon saniya mai kyau a kasuwa.

“Wannan ta wa ce?”

“Ba ta kowa ba ce. Hanya ce,” in ji Na'ikara. “Ta giwaye. In ruwan daji ya ƙafe, nan suke bi su sauka tafki. Geronmu yana shiga rumbu kafin su zo, shi ya sa muke zaman lafiya da su. Me za ka shuka?”

“Kaura.”

“Malam Tanimu, na san kaura, da ita aka yaye ni. Ba ta nuna sai ruwa ya ɗauke da daɗewa. Za su zo su same ta tsaye, ita kaɗai a ƙasar nan. Karɓi irin geronmu.”

Baba ya dubi zangarniyar geron da aka nuna masa, ya ce wannan ai wutsiyar ɓera ce. Ba wai bai ji gargaɗin ba ne, ya ji sarai. Sai dai shi mutumin Likoro ne, ya yi shekara arba'in yana tsaron gona. Ya kori biri, ya kori gyado, ya kori tsuntsayen jan baki, ya kori shanun da suka ɓalle wa makiyayi. A iya saninsa, duk abin da ke da baki yana da kunne, kuma duk mai kunne yana tsoron garwa in an buga ta da kyau. Giwa kuwa bai taɓa gani ba sai a tatsuniya, inda kullum gizo ke yi mata wayo. Ni na taɓa ganinta a littafi, tsayinta bai kai ɗan yatsana ba, don haka ban da abin da zan ƙara. Aka je wurin mai garin neman izini. Ya buɗe tafukansa biyu, Na'ikara ya fassara mana: ya ce ƙasar ba tasa ba ce balle ya bayar ko ya hana.

Ban taɓa ganin Baba cikin farin ciki kamar a daminar nan ba. Mutanen can a baje suke shuka, ba sa huɗa. Da muka ja kunyoyi, miƙaƙƙu kamar an sa zare, sai gari ya fito kallo. Ƙasar ba ta taɓa ganin garma ba, ta ba da duk abin da ta tara. Kaurar ta tashi kore shar, kara kamar damtsen mutum, ta wuce kaina, ta wuce kan mahayin doki. Tsofaffin gari sukan zo da la'asar su tsaya a bakin gona su yi ta kaɗa kai, Baba yana ɗauka sha'awa ce kawai. Hannuwana da suka saba da alli suka yi kanta. Inna ta koyi miyar busasshen kifi da kuɓewa, ta koya wa matan gidan dambu. Gauraki sukan sauka bakin tafki su yi ta rawarsu, shamuwa kuma ta yi sheƙa a kan bishiyar ƙofar gida, Inna ta ce ta gane ta, ta Likoro ce ta biyo mu. Cikin wannan daminar ne wata rana, Baba yana wanke ƙafa, Inna ta ce masa, ba tare da ta dubi kowa ba:

“Malam, kayanmu fa sun ƙaru.”

Baba ya ce, “Madalla,” ya ci gaba da wanke ƙafar da ya riga ya wanke. Ni na tashi na fita, don kunya. Cikin Yayarku ne, babbarku. Amma cikin bai zo wa Rabi da sauƙi ba. Sauron tafkin ya sa mata zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, ƙafafunta suka kumbura, abinci ba ya zama.

Gero ya nuna. Al'adarsu ba mai taɓa sabon amfani sai dattijon gari ya yanki zangarniyar farko, sannan a yi kiɗa a shiga girbi. Kafin wani lokaci jigawa ta koma fili, rumbuna sun cika, ruwa ya ɗauke, ciyawa ta fara ja. A duk faɗin ƙasar ba abin da ya rage kore sai gonar Baba. Kaura ta fid da kai, zangarniya ta fara sunkuyawa don nauyi, ƙwayar tana ruwan nono. Abin da take nema kwanaki kaɗan ne. Baba ya kewaye gonar da igiya ya rataya gwangwanaye, ya samo garwar kananzir da ɗan kulki, ya koma wuni a can.

Da hantsi suka zo. Abin da na fara lura da shi shirun garin ne. Mata sun janye yara cikin gida, an ɗaure karnuka, ba ko ƙarar turmi. Na'ikara ya iso da sauri iyakar ƙarfin tsufansa.

“Malam Tanimu, don Allah ku taho. Sun iso.”

Baba ya ɗauki garwa ya nufi ƙarshen gona ta wajen daji, ni kuma na bi shi, don ban san abin da zan yi ba in ban bi shi ba. Na zaci za mu ji ƙasa tana girgiza. Ko kaɗan. Abin da ke da wannan girma, tafiyarsa ba ta da ƙara. Sai dai muka ga itatuwa suna rabewa, wasu abubuwa toka-toka kamar ɗakuna suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, manya a gaba da baya, ƙanana a tsakiya. Wata tsohuwar giwa ce ke jan su, kunnenta guda a yage. Baba ya gyara tsayuwa ya shiga buga garwa, yana jan igiyar gwangwanaye da ƙafa, yana daka musu tsawar da yake yi wa shanu.

“Kai! Kai! Ku koma! Hayya!”

Tsohuwar ta tsaya. Ta ɗaga hanci sama, ta buɗe kunnuwa, ta dube shi. Na riƙe bayan rigarsa ina salati, na tabbata kwananmu ya ƙare. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta sauke hancin, ta naɗo kara rungume guda, ta tumɓuke, ta karkaɗe ƙasar a gwiwarta, ta kai baki. Sauran suka shiga gonar ta hagunmu da damarmu, kamar yadda ruwa ke raba kansa a kan dutse. Baba ya ci gaba da bugu har kulkin ya tsage, ya koma bugu da tafin hannu. Ba wadda ta sake waiwayarsa. Can sai ya daina. Ya kife garwar ya zauna a kanta, hannuwa a kan gwiwa, yana kallo. Muna nan, ba abin da ake ji sai karyewar kara da tauna. Da ya buɗe baki, muryarsa ƙasa ƙasa take.

“Ticha, ka ga yadda take yi? Sai ta zaɓa. Waccan da ta ɗauka, ita na yi niyyar cirewa iri.”

Wannan shi ne yaƙin kakanku da giwa, daga farkonsa har ƙarshensa. Bai kore ta ba, ita ma ba ta taɓa shi ba. Kafin azahar sun sauka tafki, gonar ta koma kamar masussuka.

Mutanen garin suka zo mana kamar zaman makoki. Kowane gida da ƙwaryar gero, a ajiye, a zauna, a yi addu'a, a tashi. Ba wanda ya ce ai mun faɗa. Baba, wanda tun da ya yi wayo bai taɓa cin hatsin da ba shi ya noma ba, ya zauna yana amsa sadaka kansa a sunkuye. Ina jin wannan ya fi masa giwayen ciwo. Ba a daɗe ba hanya ta bushe, motoci suka fara wucewa, wasu gabas, wasu yamma. Geron da aka tara mana, haɗe da mundayen Inna da ta cire, zai iya mai da mu gida mu duka. Gabas kuwa ba zai kai mu ko'ina ba, sai dai a tafi ana tsayawa ana ƙwadago, shekara nan, shekara can, da mace mai ciki ba lafiya. Muka zauna da la'asar a tsakar gidan Na'ikara, Rabi tana kwance a bayan zana tana jin mu. Ni na fara magana. Na ce in ɗauki Rabi da Inna mu koma, shi Baba ya zauna ya ci gaba da niyyarsa, tunda mutum ɗaya ba ya rasa yadda zai yi. Na'ikara ya yi murna da shawarar.

“Haka za a yi! Zauna nan, Malam Tanimu. Baɗi mu shuka gero, mu sayar, mu wuce tare. Ni ma daman baɗi nake son tashi.”

Baba ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, shi da farin gemunsa da jikokin da ke wasa a bayansa. Inna ce ta yi magana.

“Haihuwar fari ce, Malam. A ɗakin uwarta ake yinta.”

Sai muka ji kuka daga bayan zana. Rabi ba ta taɓa yi wa Baba magana kai tsaye ba, ranar ma ba ta yi ba. Inna ta leƙa ta dawo ta ce, yarinyar ta ce don Allah kada a fasa saboda ita.

“Ba da ke nake ba, 'yar Gazara,” in ji Baba, ya ɗaga murya don ta ji. “Da ubanki nake.” Sannan ya juyo gare ni. “Kai wa ka karɓa, Ticha? Ba ka karɓi kowa ba. Ni na karɓa. Ni aka ce wa hannunka.”

Ya tashi ya fita ƙofar gida, ya tsaya yana fuskantar gabas, inda hanyar motar ta shige cikin ƙaya ta ɓace. Ba wanda ya bi shi. Da ya dawo, abin da ya ce kawai shi ne a ɗaure kaya. Ranar tafiya Na'ikara ya rako mu har bakin mota, ya riƙe hannun Baba ya ƙi saki.

“In kun je, ka aika Ikara a ce Audu yana gaisuwa. A ce yana hanya.”

“A gaya wa wa?”

Tsohon ya buɗe baki, ya yi tunani, ya sake yin tunani. Har mota ta tashi bai samo suna ba.

Ba mu fara zuwa Likoro ba, Gazara muka sauka. Baba ya shiga zauren nan, Rabi tana bayansa Inna na riƙe da ita, ya ce wa Malam Yahuza ga amanarsa. Malam Yahuza ya miƙe da murna, ya fara cewa sannu da zuwa Alhaji, sai ya lissafa watanni a ransa, kalmar ta mutu a bakinsa. Daga nan muka ƙarasa gida. Ku yi tunanin mutumin da ya bi gari gida gida ya yi sallamar mutuwa, ya dawo ko shekara ba a yi ba, ba dabino, ba Zamzam, ba ko irin da ya tafi da shi. Mutane suka zo sannu da zuwa, suka zauna, suka rasa abin da za su tambaya. Yaron motar da ya kawo mu ya riga ya ba da labarin garwa a tasha. Ban san bakin wanda ya fara ba, amma kafin kasuwar Kudan ta ci sau biyu sunan ya kama: Alhajin Giwa. Ba girmamawa ba ce, 'ya'yana. Dariya ce. Manya sukan faɗa a bayansa, matasa a gefensa, yara kuwa a gabansa, har da buga gwangwani. Bai taɓa amsawa ba, bai kuma taɓa juyawa ba, sai ya wuce kamar kurma. Na ce masa bari in gaya wa mutane dalilin dawowarmu, su san ba giwa ce ta juyo da shi ba.

“Kada ka kuskura,” ya ce. “Ba za a sa sunan 'yar mutane a bakin kasuwa ba, a ce ita ta hana tsoho hajji. Gara su ci gaba da giwarsu.”

Haka aka yi. Ni na samu aka mai da ni aiki, a Ikara wannan karon. Na cika masa alkawarin Na'ikara, na yi tambaya a garin, ban samu wanda ya san wani Audu da ya tafi gabas ba. Baba ya karɓi gonarsa da damina ta zagayo, ya roƙi iri a wurin ƙanensa, daga cikin nasa na da. Kowace kaka yakan ce in an samu shekara mai kyau zai sake ɗaura niyya. Shekara mai kyau ta zo, gwiwa ta ƙi. Wata ta zo, ido ya fara hazo.

Yayarku a Gazara aka haife ta, bayan naƙuda mai tsawo da ta sa matan gidan suka fara kuka tun kafin a san yadda za ta ƙare. Ban san gaibu ba, amma ungozomar ta ce wa Inna da a bayan mota abin ya samu Rabi, da ba a samu ko ɗaya ba, uwa ko 'ya. Tun ranar da aka dawo da yarinyar Likoro Baba ya sa mata suna uwargida, irin wasan kaka da jika. Kullum suna faɗa a kan ta ƙi yi masa tuwo, yana barazanar zai yi mata kishiya, ita ko tana jan gemunsa. Wata rana, tana 'yar shekara uku ko kusa, na zo hutu, Baba yana zaune a tabarma a tsakar gida yana shafa zangarniyar iri da yatsu, don lokacin hannunsa ya fi idonsa gani. Ta shigo a guje daga waje, inda ta jiyo yara, ta tsaya a gabansa ta buɗe murya iyakar ƙarfinta.

“Alhajin Giwa!”

Ludayi ya faɗi daga hannun Inna. Rabi ta taso daga bakin murhu da hannu a ɗage, fuskarta kamar an watsa mata ruwan zafi. Ba a taɓa furta sunan nan a cikin gidanmu ba. Baba ya ɗaga wa Rabi hannu, ta tsaya. Ya ajiye zangarniyar a hankali, ya juyo da fuskarsa inda muryar take.

“Na'am, uwargida,” ya ce.

Bai ƙara kaka biyu ba bayan wannan. Da ya rasu, Inna ta buɗe adaka ta fiddo likkafanin da ta ninke tun ranar tashinmu. Ya je har bakin tafkin Fitiri ya dawo, bai ga Zamzam ba. Da ruwan rijiyar gidanmu ta ɗauraye shi.

Na gaya wa Nasiru kada ya yi saurin goge rubutun motarsa, kada kuma ya yi saurin barinsa. Ya je Kudan wurin Yayarku ya tambaye ta tukuna. Ita ma ba ta san wannan labari ba sai yanzu da za ta karanta shi, domin Baba ya hana, mahaifiyarku kuma ta tafi da shi a cikinta. Amma sunan nata ne. A duk duniya ita kaɗai ya taɓa amsa wa.